Asalin Ƙamshi a Jikin Tsiro

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, ya kuma daɗe bisa gadon sarauta har Allah ya yi masa rasuwa a 1884, ayarin da ya taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat, ya ratsa duwatsun Azbin da ƙasar Damargu, ba ya isa Kano sai ya kwance kaya a Zangon Zinder; kuma a cikin kayan nan, ban da tufafi da takarda da tsakiya da takubba, akwai wani kaya wanda ba ya nauyaya raƙumi amma yana nauyaya aljihun mai shi, watau kayan ƙamshi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya kuma yada zango a Zinder daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya lissafa jawul da sumbul da kanumfari a cikin abin da fatake ke shigowa da shi daga arewa, sa'an nan ya ƙara da man wardi, wanda galibinsa ba ya ko leƙa kasuwa, domin sarakuna da manyan gari ne ke sayensa a cikin gida.

Amma ba duk ƙamshin ƙasar nan ne baƙo ba. Wanda ya shiga Kasuwar Dole ta Zinder, ya nufi wajen masu kayan turare da masu kayan yaji, zai tarar da kajiji da ƙaron hano, da citta da kimba da aka hauro da su daga kudu, da damin na'ana'a na masu shayi, da lemun tsami. In ya fita bayan gari zai ga dashi an kafa shi shinge, in ya yi arewa ya taka nobe, in ya koma gida ya murza ganyen ɗoɗɗoya a bakin randa. To, ga mas'alar da ta cancanci bahasi. Rairayin Damagaram ba shi da wannan ƙamshi, ruwan rijiya ba shi da shi, iska da hasken rana ma haka, alhali kuwa tsiro ba ya cin kome sai waɗannan huɗu. Ta ina ke nan ƙamshin ya shigo? Kuma me ya sa mai sayar da turare, wanda bai taɓa shiga ɗakin bincike ba, zai sansana kajiji biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya, ya ce wannan na wuri kaza ne, wancan na wuri kaza, ya kuma bambanta musu kuɗi?

Magabata sun yi nisa a fannin fitar da ƙamshi daga tsiro. Littafin da ake danganta wa Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na tara, a kan kimiyyar turare da tacewa da tururi, ya ƙunshi haɗe-haɗe fiye da 100, kuma Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara bayanin magunguna da tsirrai kimanin 1,400. Sun san zahirin abin, sun san amfaninsa, sun karkasa shi bisa ɗabi'o'in zafi da sanyi da danshi da bushewa; baɗininsa kuwa, watau yadda ake gina shi a cikin ganye, sai da aka jira ƙarni na goma sha tara da na ashirin. Tilas a nan mu ware abin da ba ya cikin babinmu. Almiski da jibda da farce daga dabba suke. Ƙamshin jawul, da mafi yawan na kanumfari, daga wani gida ne na sinadarai dabam. Abin da ya rage, watau na hano da dashi da kajiji da nobe da na'ana'a da ɓawon lemu da sandal da kafur, da babban rabo na citta da wardi, duk 'yan gida ɗaya ne, wanda masana ke kira tarpin, kuma adadin nau'o'insa da aka sani ya kai kimanin 80,000.

Wanda ya fara warware wannan tarin shi ne Otto Wallach, Bajamushe, wanda ya kama aikin a 1884 a Jami'ar Bon, ya kuma karɓi kyautar Nobel a kansa a 1910. Ya lura cewa mayukan nan, duk da saɓanin ƙamshinsu, in aka ƙidaya zarrar kabon da ke jikinsu, sai a ga goma, ko goma sha biyar, kullum ninkin biyar. Daga nan ya yi ƙiyasi cewa da wani guntu guda mai kabon 5 ake gina su duka. Leopold Ruzicka, haifaffen Kuroshiya da ya yi aikinsa a Zurik, wanda shi ma ya sami Nobel a 1939, ya faɗaɗa ƙiyasin har ya zama ƙa'ida a 1953. Misalin abin shi ne tubali. Da tubali iri ɗaya aka gina fadar Sarki a Birni da zaurukan attajiran Zango da ɗakin talaka, bambancin yana ga yawan tubalin da hannun magini. Tubali 2 suna ba da tarpin mai kabon 10, wanda saboda rashin nauyinsa yake tashi nan take, shi ya sa ƙamshin ɓawon lemu ba ya kwana a hannu. Tubali 3 suna ba da mai kabon 15, wanda ya fi nauyi ya fi jimiri, kuma irinsa ne ya yi yawa a kajiji da sandal. Matan da ke haɗa humra da turaren wuta, da suka mai da waɗannan biyu ginshiƙin haɗinsu domin ƙamshi ya zauna a tufa, sun riga masana gano hukuncin, ko da yake ba su ambaci dalilinsa ba. Daga kabon 20 zuwa 30 abin ya yi nauyin da ba ya tashi da kansa, sai ya zama ƙaro ko ɗaci, kamar asid ɗin da ke ƙaron hano, ko ɗacin dogon yaro da ke hana fara cin ganyensa. Jan tumatir kabon 40 ne, robar taya kuwa dubban tubalin nan ne aka jera.

Ta ina tsiro ke samun tubalin? Daga sukarin da ganye ke haɗawa da iska da ruwa da hasken rana. Sai dai sukari ba ya juyewa ya zama wani abu don ra'in kansa, sai da enzayim, wanda shi ne maginin. Enzayim furotin ne, watau doguwar sarƙa ta wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, wadda ke naɗewa ta yi wani rami a jikinta, ramin da ba ya karɓar kome sai abin da ya dace da siffarsa, ya sarrafa shi, ya sake shi, ya karɓi wani. Jerin amino asid na kowane enzayim kuwa a rubuce yake a cikin ƙwayar gado, wadda yanki ne na DNA da tsiro ya gada daga iyayensa. Saboda haka silsilar ta tafi haka: ƙwayar gado ke tsara enzayim, siffar enzayim ke hukunta irin tarpin da zai fito, tarpin kuma shi hanci ke ji.

A 1956 aka gano wani sinadari mai suna mebalonat, kuma ba a jima ba Konrad Bloch a Amurka da Feodor Lynen a Jamus, waɗanda suka raba Nobel a 1964, suka nuna yadda ake bi ta kansa a kai ga tubalin. Ijma'in masana ya ɗauru a kan cewa hanyar ke nan guda ga kowane mai rai, aka rubuta haka a littattafai, aka karantar da ɗalibai kusan shekara arba'in, ana ta yi wa sakamakon da ya saɓa tawili, har Michel Rohmer, Bafaranshe, ya bayyana a 1993 cewa wasu bakteriya suna da wata hanya ta biyu wadda ba ta haɗa kome da ta farko ba. Daga bisani aka tabbatar tsiro yana da duka biyun a cikin ƙwayar halitta guda: ta farko a cikin ruwan ƙwayar, da enzayimai 6, galibi tana ciyar da masu kabon 15 da 30, ta biyu a cikin 'yan ɗakunan da ake kira filastid, dangin waɗanda ke ba ganye launin kore, da enzayimai 7, tana ciyar da masu kabon 10 da 20 da 40. Ɗan Adam hanya ta farko kaɗai gare shi, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa ta biyu take bi, abin da ya sa masu neman magani suka sa mata ido.

Bayan an sami tubali, wasu enzayimai suna ɗinke su kai da wutsiya su zama miƙaƙƙiyar sarƙa mai kabon 10 ko 15 ko 20. Har zuwa nan babu bambanci tsakanin hano da gero da kuka, kowane tsiro yana yin wannan. Inda hanya ta rabu, inda kuma hikimar ta taru, shi ne mataki na gaba, wanda ke hannun wani dangin enzayimai da za mu kira magina tarpin. Kowace sarƙa tana ɗauke da wani kai na fosfat biyu a ƙarshenta. Aikin farko na maginin shi ne ya fizge wannan kai, da taimakon magniziyam da ke maƙale a bakin raminsa. Da zarar kan ya fita sai a bar kabon guda a cikin rashi, yana neman abin da zai kama ido rufe, kuma da yake enzayim ya riga ya lanƙwasa sarƙar a cikin ramin bisa wani tsari, ya kuma tsare ƙofa kada ruwa ya shigo da wuri ya ɓata aikin, kabon ɗin ba ya samun abin kamawa sai wani sashe na jikin sarƙar kanta. Ta haka miƙaƙƙen abu ke zama zobe, wani lokaci zobe biyu ko uku, rashin yana ƙaura daga wannan kabon zuwa wancan, har a kai inda za a kashe shi, ko dai a zubar da haidurojin guda ko a karɓi ruwa. Daga sarƙa guda mai kabon 10, wani magini yana fitar da limonin na ɓawon lemu, wani ya fitar da pinin, wanda bincike ya nuna shi ya fi yawa a man ƙaron hano na arewacin Nijeriya da Burkina Faso, wani kuma ya fitar da siniyol na ganyen itacen turare. Limonin da pinin ma zarrarsu ɗaya ce ƙidaya da nauyi, lanƙwasa ce kawai ta raba su.

Abin mamaki shi ne maginin nan ba ya cika tsayawa a kan abu ɗaya. Da yake enzayim yana shiryar da rashin ne, ba ya iya ɗaure shi ɗungum, wani lokaci aikin yana ƙarewa a mataki na biyu, wani lokaci a na biyar. A 1998, a ɗakin binciken Rodney Croteau na Jami'ar Jihar Washinton, an ware wani enzayim guda daga wani itacen ƙasar sanyi, aka ba shi sarƙa iri ɗaya, ya fitar da tarpin iri 52. Wannan ne dalilin da ya sa man tsiro ba ya zuwa tsantsa, kullum gauraye yake, babban rabo ɗaya ko biyu tare da ƙanana masu yawa, kuma sau da yawa ƙananan nan su ne ke ba hancin gwani labarin da hancin baƙo ba ya ji. Masu karatun littafin tauhidi na Ummul Barahin za su tuna cewa sababi na al'ada ba ya tasiri da kansa. Babu abin da ke cikin wannan bayani da ya ci karo da haka, tafsilin sababin ne kawai aka samu, kuma a ganina wanda ya san tafsilin ya fi wanda bai sani ba dalilin yin tasbihi.

Ko bayan an gina ƙashin, da sauran aiki, domin akwai wani dangin enzayimai, da ake kira P450, masu liƙa oksijin a wani gurbi na musamman a jikin zoben, kuma labarin na'ana'a shi ya fi fito da muhimmancin wannan. Na'ana'a iri biyu ce ta shahara a duniya: wadda ake sawa a shayi a ƙasashen Sahara da Magrib, mai taushin ƙamshi, da wadda ake tatsar mentol daga gare ta, mai sanyin nan da ke ratsa hanci a man zafi da alewar tari. Dukansu biyu limonin suke fara ginawa, kuma Croteau da abokan aikinsa sun ware ƙwayar gadon da ke yin haka a 1993. Sai dai a ta shayi enzayim yana liƙa oksijin a kabon na 6, abin ya ƙare a karvon. A ɗayar yana liƙawa a kabon na 3, abin ya bi wasu matakai ya ƙare a mentol. A 2000 Michel Schalk da Croteau suka ɗauki enzayim ɗin ta shayi, wanda amino asid ɗinsa ya kusa 500, suka musanya guda ɗaya tak, na gurbi na 363, sai ya bar kabon na 6 ya koma liƙawa a na 3. Lalle wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara mamakin saɓanin kajiji biyu ba.

Daga ina tsiro ya sami magina masu yawa haka? Hujjar da ke hannun masana ta nuna asalinsu ƙwayar gado guda ce, wadda aikinta gina sinadarin da ke sa kara ya yi tsawo. Akan sami kuskure wajen kwafe DNA, ƙwayar gado ta zama biyu. Ɗaya ta ci gaba da aikin asali, ɗayar kuwa, da yake ba a dogara gare ta ba, sai ta yi ta sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, in ta fitar da abin da ya kori ƙwaro ko ya jawo ƙudan zuma, zuriyar mai ita ta yawaita, in ba ta fitar da kome ba ta lalace. Akwai wani nau'in gansakuka da ke da irin wannan ƙwaya guda ɗaya tak mai aiki. Inabi yana da kimanin 69, wani ɗan'uwan itacen turaren da ake shukawa a gandun dajinmu yana da 113. Kuma ko a cikin jinsi guda gadon ba ya zama ɗaya. Babbar ɗoɗɗoya, alal misali, tana da iri mai taimol, wanda tarpin ne, kuma shi aka fi samu a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, tana kuma da iri mai yujinol, mai ƙamshin kanumfari, alhali ido ba ya raba su da sauƙi. Mai maganin gargajiya da ya ce ganyen wani wuri ya fi na wani ƙarfi yana iya zama a kan gaskiya, haka kuma wannan saɓani shi ne aibin maganin da ba a auna ba, domin awo ɗaya na ganye ba ya nufin awo ɗaya na sinadari.

Mallakar ƙwayar gado dabam, aiki da ita dabam. Kowace ƙwayar halitta a jikin na'ana'a tana ɗauke da gadon gina karvon, har ta saiwa, amma ba a buɗe shi sai a wasu 'yan ƙuraje da ke bisa fatar ganye, kowane da ƙwayoyi 8 masu tatsa, suna tara man a ƙarƙashin wata 'yar fata siririya; murzawar da mai shayi ke yi fasa su yake yi. Lemu a cikin 'yan ramukan ɓawo yake ajiye nasa, hano da dashi a cikin magudanan da ke ratsa ɓawon itace, kajiji a cikin ƙullutun saiwa. Dalilin killacewar a fili yake, man nan guba ne ga ƙwaro da ƙwayar cuta, kuma da zai bazu a jikin tsiron da ya cuce shi shi ma. Ƙaron da ke tsattsafowa inda aka sassari hano toshe rauni ne da tsare shi daga ruɓa. Mai sauƙin cikinsa yana tashi ya bar mai nauyin ya daskare, shi ya sa sai an ɗora shi bisa garwashi kafin ya saki abin da ya rage. Zafin rana, da ƙarancin ruwa, da shekarun tsiro, da lokacin da aka yanke shi, duk suna taɓa yawan man, don haka wuri ma yana da nasa rabo a cikin ƙamshi, bayan rabon gado.

Akwai kuma ƙamshin da ba a ginawa sai an kai hari. A 1990 Ted Turlings da abokan aikinsa a Fulorida suka nuna cewa masarar da tsutsa ta ci, bayan 'yan sa'o'i, tana fitar da tarpin da ba ta fitarwa in da wuƙa aka yanke ta, domin yawun tsutsar ne ke ta da wani sinadari a cikin ganye mai suna jasmonat, shi kuma ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke rufe. Ƙamshin nan yana jawo wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke yin ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. Manoman Maradi da Damagaram sun san irin wannan mataimaki, tun da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, sun daɗe suna rarraba jakunkunan wani ɗan ƙwaro irinsa domin yaƙar tsutsar zangarniyar gero. A 2005 aka gano saiwar masara ma tana yin haka a ƙarƙashin ƙasa da kariyofilin, sa'an nan aka gano galibin masarar Amurka ta zamani ta daina: ƙwayar gadon tana nan, amma ba a buɗe ta, mai yiwuwa domin masu zaɓen iri sun shekara da shekaru suna duban girman zangarniya a gonakin da ake fesa wa magani, ba wanda ya lura da abin da ya salwanta. A 2011 masu bincike na cibiyar ICIPE a Kenya suka nuna cewa wasu tsofaffin irin masara na manoma suna fara kiran taimako tun asu ya ajiye ƙwai a ganye, kafin tsutsa ta ƙyanƙyashe, alhali irin kamfani da aka gwada tare da su ba su yi ba.

Kiran tsiro yana kuma iya faɗawa kunnen maƙiyi, kuma babu wanda ya fi manomin ƙasar nan sanin haka, ko da bai san sunan abin ba. Saiwar gero da dawa, musamman a ƙasar da fosfat ya ƙaranta kamar tamu, tana tsattsafar da wani ɗan tarpin wanda hancinmu ba ya ji, domin ta kira wasu ƙwayoyin naman gwari da ke taya ta tsotso abinci. Irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba ya tsira sai ya ji wannan sinadari, wanda aka fara warewa a 1966 daga saiwar auduga. A 2017 ɗakin binciken Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue, ya bayyana cewa dawar SRN39 tana jure ƙuduji ne saboda ta rasa ƙwayar gado guda, rashin da ya sauya siffar sinadarin zuwa wadda ba ta cika ta da irin ƙuduji ba.

Tun da aka san ƙwayoyin gadon, sai tunani ya zo na ɗauke su daga tsiro a dasa a cikin yis, a ba shi sukari ya yi aikin a cikin tanki. Babban gwajin wannan shi ne atimisinin, tarpin mai kabon 15 daga wani ɗan'uwan tazargade, wanda Tu Youyou da ƙungiyarta suka ware a Sin a 1972, wanda kuma shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu. Ƙungiyar Jay Keasling a Kalifoniya ta sa yis ya fitar da asid ɗinsa a 2006, a 2013 aka kai giram 25 a kowace lita, kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Italiya a shekarar. Amma manoman Sin da Biyatnam da Gabashin Afirka suka yawaita noman ganyen, kuɗinsa ya faɗi, aka sayar da masana'antar a 2016. Ilmin ya tabbata, cinikin ne bai biya ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka jiƙon tazargaden kasuwa ya isa maye gurbin maganin asibiti, domin jinsin ba lalle ya zama ɗaya ba, awon ba a san shi ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka. A fannin turare kuwa aikin tanki ya kama ƙasa, har ana sayar da madadin man sandal da aka yi ta wannan hanya.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, tanki yana iya kwaikwayon abin da aka riga aka karanta ne kaɗai, kuma mafi yawan abin da aka karanta daga na'ana'a da taba da masara da itatuwan ƙasashen sanyi ya fito, alhali taskar gadon hano da dashi da nobe da kajiji tana tsaye a daji, inda gatari da wuta da awaki ke iya kai mata. An ga abin da ya sami ɗan'uwan hano mai ba da lubban a Habasha da Eritiriya da Sudan: binciken da Frans Bongers na Jami'ar Wageningen ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya tarar fiye da kashi 75 cikin 100 na kurmin da aka duba ba su da ƙananan itatuwa masu tasowa, ya kuma yi hasashen lubban zai ragu da rabi cikin shekara 20, wani bincike da ya gabace shi a Eritiriya ya nuna irin itacen da aka matsa wa sassara ba ya tsira sai kashi 16 cikin 100, na wanda aka bari ya huta kuwa ya haura 80. Hano namu ɓawonsa ake ɓarewa domin magani, wanda ya fi sassara muni.

Manoman Magariya da Matamai da Mirriya, tare da 'yan'uwansu na Maradi, sun nuna wa duniya da sassaben zamani cewa suna iya mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonaki, galibi gawo da makamantansa, ba tare da an dasa musu ba. Dashi da hano sun ma fi sauƙi, domin reshensu ake yanka a kafa ya kama, kuma reshe yana ɗauke da gadon uwarsa cif, ƙamshinsa ba ya sauyawa kamar yadda na 'ya'yan iri ke yi, ko da yake dole a bar wasu su tsira daga iri domin kada gadon ya ƙuntata. Ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, da ma'aikatan INRAN da na gandun daji, su zauna da masu sayar da turare da matan da ke haɗa shi da masu magani, su tambaye su wane itace da wace fadama suka fi yabo, su auna man kowane, su rubuta sunan garin da aka samo shi, sa'an nan a yanki reshe a kafa a wurin da ake tsaro tun uwar tana da rai.